Yadda ake yi idan inji ya mutu a tsakiyar tashin ayari

Wanda ya taɓa tsayawa a Dandalin Black Star ranar bikin 'yancin kan Gana, 6 ga Maris, ya ɗaga kai ya ga jiragen sojan sama sun wuce a jere fiffike na neman taɓa fiffike, ya riga ya san abin da nake kira tashin ayari. Masu ƙananan jirage masu farfela ɗaya su ma suna yin irinsa, jirgi biyu ko uku ko huɗu, kuma a kansu wannan bayani yake. Na gaba a cikinsu zan riƙa kiransa madugu, kamar yadda fataken goro da suka kawo kakanninmu Salaga da Kumasi suke kiran uban tafiyarsu, sauran kuma da lambobinsu, na biyu da na uku da na huɗu, domin da lamba ake kiran juna a rediyo.

Matuƙin da ke tafiya shi kaɗai, in injinsa ya mutu, abin da aka koya masa shi ne ya daidaita gudu, ya nemi fili, ya gwada tayar da injin, sannan ya yi kira. Duk wannan yana nan a cikin ayari, sai dai akwai wani aiki da yake riga su zuwa, domin ƙasa tana nesa da kai da minti biyu ko uku, jirgin ɗan'uwanka kuwa da daƙiƙa biyu. Ga lissafin. Ana auna gudun jirgi da not, kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, don haka bambancin not 10 tsakanin jirage biyu yana cin kusan mita 5 a kowace daƙiƙa. Faɗin Cessna 172 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11 ne. Farfelar da iska ke juyawa bayan inji ya mutu birki ce mai ƙarfi, ba ta daɗewa ta zare wa jirgi not 10, kuma daga nan tazarar da ayari ke tafiya da ita ta ƙare kafin mutum ya gama cewa innalillahi.

Alƙaluman da zan kawo na Cessna 172 ne, saboda jirgi ne da matuƙa da yawa suka koya da shi. Kowane jirgi yana da littafinsa, kuma abin da littafin ya faɗa shi ne gaba da maganata. Ba a kuma koyon tashin ayari sai da malami zaune a gefe.

Abin da ake gamawa tun a ƙasa

Dokokin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba su yarda a yi tashin ayari ba sai da yarjejeniyar matuƙan tun kafin a tashi. A sararin da hasumiya ke kula da shi ana ɗaukar ayarin a matsayin jirgi ɗaya, kowa yana cikin tazarar kilomita 1 daga madugu ta gefe da ta baya, da ƙafa 100 ta sama ko ta ƙasa, kuma raba jiragen ayarin da juna nauyi ne a wuyan madugu da matuƙansa. Mai hasumiya ba zai raba ku ba, rada ma ba za ta nuna masa tazararku ba. A nan Ankara, tamu ta Gana nake nufi, sai a fara jin sharuɗɗan hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa kafin a tsara irin wannan tashi.

A zaman da ake yi kafin a hau jirgi, madugu zai bi kowane matuƙi ɗaya bayan ɗaya, ya sa shi ya faɗa da bakinsa ta ina zai fita idan injinsa ya mutu, da ta ina zai fita idan na wanda ke gabansa ne ya mutu, a kowane irin jere da za a yi a ranar. A nan za a ajiye wanda zai karɓi jagoranci in madugu ne abin ya samu, wanda a ayarin jirgi huɗu na uku ne bisa al'ada, da wanda zai zama ɗan rakiyar mai matsala. Ƙa'idar da ta fi sauƙin tunawa ita ce a raba ayarin biyu biyu, madugu da na biyu, na uku da na huɗu, kowa ya raka abokin tafiyarsa. A ajiye kalmar tsayar da komai, wadda a Turancin rediyo ake cewa "knock it off", kuma kowa yana da ikon furta ta ko da shi ne mafi ƙanƙanta. A ajiye tsayin da ɗan rakiya ba zai sauka ƙasa da shi ba, ni ƙafa 500 nake sawa. Akwai kuma alamun hannu da aka gada daga sojan sama don ranar da rediyo ya ƙi: a dunƙule hannu a saitin goshi, sannan a ɗaga yatsu biyu don lantarki, uku don mai, biyar don inji.

Sai hanya. Duk wanda ya taso a Nima ko Mamobi ya san babu inda za a ajiye ko keke a tsakanin rufin kwanon nan, balle jirgi. Ba a bi da ayari ta kan gari a tsayin da ba zai kai mutum bayan gari ba in injinsa ya yi shiru. Filayen gabas, daga bayan Tema zuwa Dodowa da duwatsun Shai har Akuse, su suka fi dacewa da atisaye. A lokacin hazon hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, in ba a iya ganin fili daga nesa, ra'ayina a haƙura da ayari ranar.

Man jirgi shi ne na ƙarshe a zaman, amma shi ya fi kashe inji. Na gefe yana shan mai fiye da madugu domin hannunsa ba ya barin totur, yana turawa yana ja, kuma idonsa ba ya kan agogon mai sam, yana kan jirgin madugu. A jirgi irin Piper PA-28, wanda ke shan tankin hagu ko na dama ba ya haɗa su, mutum zai iya shanye tanki ɗaya tas alhali ɗayan yana cike. Don haka madugu zai ajiye lokutan da zai buɗe ayarin, kowa ya ɗan yi nesa, ya duba mai da zafin inji, ya sauya tanki, ya faɗi abin da ya rage masa. Kafin tashi kuma a tatso mai daga ƙarƙashin kowane tanki a kofi a ɗaga shi a haske. Man 100LL shuɗi-shuɗi ne, ruwa kuwa yana kwanciya a gindin kofin, kuma da irin laimar bakin tekun nan tankin da ya kwana rabi ba ya rasa raɓa.

Daƙiƙu biyar na farko

Mataki na farko ga wanda injinsa ya mutu shi ne kada ya yi wani motsi na ba-zata. Jiki zai so ya fizgo sitiyari don ya sayi tsayi da ragowar gudunsa, ko ya dangwara hanci ƙasa don neman gudun sulalowa, ko ya sunkuya yana laluben makunnai. Dukansu suna iya jira. Idonka ya tsaya a waje, ka riƙe jirgin a kan hanyar da 'yan'uwanka suke tsammanin ganinsa, ka danna rediyo ka faɗi kalmar tsayar da komai da lambarka da cewa injinka ya mutu. Rediyo yana aiki da batir, mutuwar inji ba ta kashe shi nan take.

Mataki na biyu shi ne fita ta ƙofar da aka ajiye, kuma ƙofar tana sauyawa da inda kake. In kai ne na ƙarshe a gefe, babu kowa a bayanka ko a wajenka, abin da sauƙi: jirginka da kansa zai koma baya, sai ka karkata a hankali zuwa gefen da babu kowa. In kana tsakiyar jeren da ya karkace gefe ɗaya kamar matakala, misali kai ne na biyu, na uku da na huɗu suna bayanka ta waje, to baya da za ka koma kan na uku za ka koma, kuma karkata waje shiga gabansa ne. A nan miƙewa za ka yi, ka riƙe tsayinka, ka bar su su buɗe su wuce. In kuma jeren bi-da-bi ake yi, kowa a bayan wutsiyar wani, ka tuna cewa na bayanka yana ƙasa da kai kaɗan don kauce wa iskar farfelarka, saboda haka sauke hanci da wuri zuba kanka ne a kan gilashinsa. Ka riƙe tsayi, gudu ya riƙa raguwa, har ka ji ya ce ya fita.

A cikin kwana abin ya fi wuya. Wanda ke wajen kwana yana sama da madugu, kuma in ya miƙe fikafikansa ya fita ke nan. Wanda ke cikin kwana yana ƙasa, kuma in ya miƙe zai ratsa ta bayan madugu zuwa inda na waje yake, don haka shi ci gaba da kwanar zai yi, ya bar jirgin ya sauka a hankali ta ciki. Madugu kuwa, in nasa ne ya mutu ana kwana, ya riƙe karkatar da yake kai, ya yi kira, kada ya miƙe sai ya ga kowa ko ya ji kowa ya amsa.

Ga masu lafiyayyen inji, ƙa'idar ita ce kada a yi ƙoƙarin zama kusa da jirgin da ya mutu. Wannan na koye shi wata safiya ta damina a saman filayen gabashin Dodowa, muna jirgi biyu, ina hannun daman madugu, dattijon da ke koya mini yana kujerar gefe. Alamar da nake riƙe da ita ita ce tayar madugu ta dama a saitin hancin jirginsa, kuma na kwashe minti goma ba ta gusa ba. Kwatsam sai tayar ta zame, jirgin ya fara girma a tagata yana tahowa baya, har ina ganin kan ƙusoshin da ke jikin ƙofarsa. Hannuna ya riga ya fara jan totur don in daidaita da shi, sai Malam ya ce, "Sake, na karɓa," ya tura totur gaba, ya karkata dama a hankali, muka wuce shi ta gefe yana cikin tagarmu. Ƙanƙara ce ta toshe masa kafireta, kuma ya samu injin ya dawo. Da muka sauka na ce, "Malam, ai na ga kamar bai kamata in bar shi ba." Ya ce, "Ɗana, raka shi za ka yi, amma sai ka fita tukuna ka dawo."

Fitar tana da ladabinta. Ana fita ta gefe ne, zuwa waje, ana kallon jirgin har a wuce shi. Ba a haye shi ta sama, domin hancinka da cikin jirginka za su rufe maka shi, shi kuma yana iya ɗagowa. Ba a bi ta ƙarƙashinsa, domin nan zai sauko. Mai jirgin da fiffikensa ke sama, irin Cessna, in ya karkata waje fiffiken ɗagawa yake yi ya buɗe masa taga, amma mai fiffike a ƙasa, irin Piper, karkata mai yawa tana sa fiffiken ya rufe masa wanda yake gudu, don haka shi kaɗan zai karkata. Wanda ya daina ganin ɗan'uwansa ya faɗa a rediyo nan take, ya ci gaba da nisanta ta gefen da ya fita, kada ya juyo nema.

Bayan an rabu

Daga nan mai matsala ya koma matuƙi shi kaɗai, kuma sararin nasa ne, kowa ya ba shi hanya ya kuma yi shiru.

Mataki na uku gudun sulalowa ne. A tsofaffin Cessna 172 not 65 ne, a 172S not 68. Tunda ayari yana tafiya da gudun da ya fi haka, ka riƙe tsayinka har allura ta sauko kan lambar, sannan ka sauke hanci, ka murza tirim, wato gargaren da ke daidaita hancin jirgi, har jirgin ya riƙe gudun da kansa ba tare da ƙarfin hannunka ba. Wannan murzawar ita ce ke ba ka damar duba wani abu daban. A wannan gudu jirgin yana cin kimanin ƙafa 9 gaba a kan kowace ƙafa 1 da ya sauka, wato kusan mil ɗaya da rabi na teku a kan kowace ƙafa 1,000, yana kuma sauka fiye da ƙafa 700 a minti. Daga ƙafa 2,000 ba ka da cikakken minti uku.

Mataki na huɗu fili. Ka kalli ƙasa ta gilashin gaba: wurin da yake tsaye ba ya hawa ba ya sauka, nan ne iyakar inda za ka kai, abin da ke hawa sama a gilashin ya fi ƙarfinka, abin da ke sauka kuma za ka wuce shi. Ka zaɓi na kusa, ko da bai kai na nesa kyau ba, ka duba har ƙarƙashin fiffikenka. Filayen Ankara daga sama kamar tabarma suke, amma a cikin ciyawar akwai suri masu tsayin mutum, da kwazazzabai, da shanu, da katangun fulotai da kangwayen bulo da ke ƙaruwa kowace shekara. Manyan wayoyin wuta da suka taso daga Akosombo zuwa Tema sun ratsa yankin, kuma waya ba ta ganuwa sai an zo kanta, turakun ake nema. Gonakin shinkafa na wajen Asutsuare shimfiɗaɗɗu ne, sai dai taɓo yana kama taya ya kifar da jirgi. Babbar hanyar Ankara zuwa Tema tana jan ido, amma motoci ba sa yankewa a kanta. A bakin teku jiƙaƙƙen yashi na kusa da ruwa ya fi tauri, in babu kwale-kwale da igiyoyin masunta. Wanda ya yi wajen Kumasi kuma ya yi hattara da jajayen filayen da ke tsakiyar daji da gonakin koko, domin da yawansu ramukan galamsey ne, wato na masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, cike da ruwa. In babu komai sai itatuwa, a shiga da mafi ƙarancin gudu, fikafikai a miƙe, a saita jikin jirgi tsakanin bishiyu biyu fikafikan su sha dukan.

A fuskanci iska in da hali. A Ankara galibi daga kudu maso yamma take busowa, hayaƙin masu ƙona gawayi ko shara zai tabbatar maka. Jirgin da ke taɓa ƙasa da not 50, in iskar not 10 tana gabansa da 40 yake tafiya a ƙasa, in tana bayansa da 60, kuma ƙarfin karo na biyun ya ninka na farkon fiye da sau biyu.

Mataki na biyar, bayan hanci ya nufi fili, shi ne gwada tayar da inji. Ka fara da jan makunnin da ke tura zafi cikin kafireta, domin daga salansa zafin yake zuwa, kuma salansar mataccen inji ba ta daɗewa ta huce. Mutane suna mamakin ƙanƙara a garin da ake zufa, amma iska tana yin sanyi ƙwarai a maƙogwaron kafireta inda mai ke zama tururi, kuma ƙanƙara tana iya kamawa ko da zafin waje ya haura digiri 30 in akwai laima. In injin ya fara tari bayan ka ja makunnin, ruwan ƙanƙarar yake haɗiya, ka bar shi a ja. Sannan makunnin mai: a Cessna a kan tankuna biyu, a Piper a sauya tanki a kunna famfon lantarki, a kuma ba shi kamar daƙiƙa 10 kafin man ya iso. Jan mariƙin da ke gauraya mai da iska a tura shi ciki gaba ɗaya. A duba makullin magineto, na'urori biyu da ke ba fulogan inji wuta, yana kan biyun, a gwada hagu, a gwada dama, kuma in farfela ta tsaya cak a murza sitata. In ka ga wuta ko baƙin mai ya wanke gilashi, ka manta da tayarwa. Ga wuta, a rufe mai, a ja jan mariƙin waje, a rufe iskar ɗumama ɗaki, a ƙara gudu zuwa not 100 don iska ta kashe ta.

Injin da bai mutu sarai ba, yana tari yana dawowa, ya fi yaudara, domin yana sa mutum ya wuce fili mai kyau da fatan zai kai gida. Ka ɗauke shi a matsayin wanda zai mutu a minti mai zuwa, ka yi amfani da ragowar ƙarfinsa wajen riƙe tsayi, ka bi hanyar da ko yaushe akwai fili a ƙarƙashinka.

Mataki na shida kira, kuma a nan ne ayari ke rama maka abin da ya ci. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka ka bar wa ɗan rakiya magana da hasumiya. Abu ɗaya ne naka: a ayari galibi madugu kaɗai ke kunna tiransfonda, na'urar da ke amsa wa rada, sauran suna kan jira. Ka kunna taka ka sa 7700, lambar da ke nuna jirgi yana cikin haɗari.

Aikin ɗan rakiya

Bayan ya fita, ɗan rakiya zai zagayo ya zauna a baya, ta gefe, kuma sama da mai matsala, da tazara mai yawa. Ba ya shiga gabansa, ba ya shiga ƙarƙashinsa. Zai dube shi sau ɗaya da kyau ya gaya masa abin da ya gani, hayaƙi ko mai na zuba ko babu komai. Shi zai yi kiran "Mayday" sau uku a madadinsa, a kan mitar hasumiyar da suke magana da ita, in babu amsa a kan 121.5, mitar neman agaji, ya faɗi lambar jirgin da irinsa da inda yake da yawan mutanen ciki. In mai matsala bai ga fili ba, ya nuna masa da jimla ɗaya, wane gefe da wace tazara. In ya riga ya zaɓa, ya ja bakinsa, sai fa in ya hango waya ko rami a gabansa. Na ji ayarin da mutum uku ke ba da shawara lokaci guda a atisaye, wanda ake taimakon bai samu sararin cewa uffan ba.

Ɗan rakiya shi ma yana cikin haɗari, kuma ba kasafai yake lura ba. Yana tafiya a hankali, kusa da ƙasa, yana kwana, idonsa a kan wani jirgi. Kwana tana ɗaga gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi: a karkatar digiri 45 da kusan kashi 19 cikin 100, a digiri 60 da kashi 41. Sauka da totur a ja kuma ita ce yanayin da ƙanƙara ta fi so, don haka shi ma ya ja makunnin zafi, ya riƙa tura totur lokaci lokaci. Da ya kai ƙafa 500 ya tsaya nan yana zagaye, ya danna wurin a GPS, ya lura da hanyar mota mafi kusa don masu ceto. Kada ya sauka a filin, komai zafin zumunci, kuma ya ajiye adadin man da in ya kai zai tafi.

Sauran ayarin sabon madugu zai kwashe su, su hau sama, su nufi filin jirgi mafi kusa da tazara tsakaninsu. Dalilin hawan shi ne galibi daga duro ɗaya aka sha mai, kuma ruwan da ya kashe inji ɗaya yana iya kasancewa a tankin kowa.

In abin ya faru a kan titin tashi

Idan jirgi biyu suna tashi kafaɗa da kafaɗa, layin tsakiyar titi katanga ne, kowa da rabinsa. Wanda injinsa ya gaza ya ja totur, ya taka birki, ya faɗa a rediyo, ya tsaya a rabinsa ko da zai gangara ciyawar gefensa. Mai lafiya ya tura totur duka ya tashi, domin birki tare da wanda ke tangaɗi a gefenka ya fi tashi haɗari. Waɗanda ke baya ba su saki birki ba su tsaya inda suke. In kuma an riga an bar ƙasa, hanci yana sama, gudu kaɗan, to nan ne kaɗai ake sauke hanci nan take ba jira, shi ya sa ake tsara tashi yadda babu wanda ke ƙarƙashin wani. A sauka a abin da ke gaba, da 'yar karkata dama ko hagu. Juyowa titi daga ƙasa-ƙasa ya cinye matuƙa da yawa, kuma a ayari akwai ƙarin dalili, wato jiragen da ke tahowa a baya.

Sauka

Ka yi ƙoƙarin kasancewa a ƙafa 1,000 a gefen filin, saitin inda kake son taɓawa, iska tana bayanka, daga nan sauran kamar saukar kullum ce. Ka nufi kashi ɗaya cikin uku na tsawon filin, ba bakinsa ba, domin wuce fili a hankali ya fi gaza kai shi da gudu. Kada ka sauke filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ke rage gudu, sai ka tabbata za ka kai. In ka ga za ka gaza, kada ka ɗaga hanci don jan tafiya, hakan rage ta yake yi, ka riƙe gudunka ka karɓi abin da ke gabanka. Kafin taɓawa a ja jan mariƙi waje, a rufe mai, a kashe magineto, a ɗaure bel tam, a buɗe sakatar ƙofofi don kada su cije in jikin jirgi ya lanƙwashe. Babban makunnin lantarki shi ne na ƙarshe, domin filaf ɗin Cessna da lantarki yake sauka, kuma da ka kashe shi rediyo ya tafi, don haka ka gaya wa ɗan rakiya tukuna. Da filaf a ƙasa gudun not 60 ne a tsofaffin 172, not 65 a 172S, a taɓa da tayoyin baya, sitiyari a ƙirji, a ci gaba da tuƙi har komai ya tsaya.

Ku fita nan take ku yi gefen da iska ke fitowa. A kunna na'urar kiran ceto mai aikawa a kan 406 MHz in ba ta kunna kanta ba, a kira 112, a tsaya a fili a ɗaga wa ɗan rakiya hannu ya ƙirga ku. Jama'a za su taru cikin 'yan mintuna ko a ina ne, wasu da taba a baki, don haka ka nemi babba a cikinsu, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya tsare mutane nesa da man da ke zuba. Ba a gusar da jirgin, ba a taɓa makunnansa, sai masu binciken haɗarin jiragen sama sun zo. Waɗanda suka koma gida kuma su sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tatso mai daga tankinsa a kwalba ya rufe ya rubuta lambar jirginsa, a kuma kulle duron da aka sha har a gwada shi.